Lissafin Farfesa Bukar da Ba Ya Ƙarewa

A duk shekarun da na yi ina aiki a sashen kimiyyar kwamfuta, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Talata, saura wata biyu in yi ritaya. A ranar ne shugabar sashe, Dakta Falmata, ta rufe fayil a gaban taron ma'aikata ta ce, "To, magana ta ƙare. Ranar bikin tunawa da kafa sashe za a tsayar da lissafin Farfesa Bukar, a karanta sakamako a gaban shugaban jami'a." Kowa ya tafa. Ni ma na tafa, har na fi kowa ƙarfi. A iya sanina, ni kaɗai ne a ɗakin nan na san babu wani lissafi, balle sakamako.

Ku da kuka zo daga baya, bari in ɗauko muku daga tushe. Ni teknolojis ne, ba malami ba. Malami ya shiga aji ya cika allo da rubutu ya kakkaɓe hannu ya tafi. Mu ne ke kula da ɗakin kwamfuta, mu ja waya, mu gyara abin da ɗalibai suka ɓata, mu sha zagi idan wuta ta ɗauke kamar a gidanmu ake ajiye ta. Mutum yana farawa daga mataimaki, yana hawa a hankali har ya kai babban teknolojis. Amma shekara biyun farko na gwaji ne, ba a tabbatar da kai ba. A cikinsu takardar tuhuma ɗaya, wadda muke kira kweri, ta isa ta mayar da kai gidan ubanka. Ina wata na biyar a cikin gwajin nan abin ya faru.

Lokacin sashenmu ba sashe ba ne. Wani lungu ne a jikin sashen lissafi, ɗaki ɗaya, kwamfuta ɗaya, malami mai digirin dakta ɗaya, sai ni. Malamin shi ne Farfesa Bukar, lokacin yana Dakta, bai daɗe da dawowa daga karatu a ƙasar waje ba. Ya dawo da wata manhaja da ya rubuta da hannunsa, wadda ya ce idan aka ba ta tsoffin bayanan ruwan sama za ta faɗa wa manomin gero ranar da ya kamata ya yi shuka. Ya yi watanni yana bin ofisoshin ƙananan hukumomi yana kwafe littattafan awon ruwa da gara ta fara ci. Matsalar ita ce kwamfutocin wancan zamani ba su da sauri. Ya ce lissafin zai ɗauki watanni, kuma in wuta ta ɗauke ko na minti ɗaya sai a koma farko. Wutar jami'a kuwa a lokacin, in ta zo ma sai mu riƙa yi wa juna barka.

Sai ya rubuta wa shugaban jami'a na wancan lokaci. Allah ya sa shugaban manomi ne, yana da ƙatuwar gona. Nan take ya sa hannu aka jawo mana layin wuta na musamman, irin wanda ke zuwa ofishinsa, mai janareta a baya, aka kuma kafa mana esi ɗaya, wato na'urar sanyaya ɗaki, don kada na'ura ta yi zafi. A ƙarshen takardar amincewar akwai jimla ɗaya da ya kamata ku riƙe, domin a kanta komai ya rataya. Ta ce da zarar an kammala binciken, layin zai koma hannun sashen ayyuka.

Ranar wata Alhamis da safe Dakta Bukar ya sa faifai, ya yi bisimilla, ya danna. Ya juyo ya ce, "Modu, zan yi tafiyar wata uku. Kada a kashe, kada a taɓa, kada ma a yi mata tari a kusa." Ya ɗauki jakarsa sai filin jirgi.

Ni kuwa yaro ne ɗanye, ga wutar da ba ta ɗaukewa, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Ina da wata butar lantarki ta dafa shayi da na saya na kasa amfani da ita a gidana na Bulumkutu saboda rashin wuta. Motar Dakta ba ta kai bakin get ba na jona ta a soket ɗin bango. Fitilar ɗakin ta ɗan yi ƙifce. Da na waiwaya, allon kwamfuta ya tsaya cak, da layi ɗaya a sama mai cewa an sami kuskure mai lamba kaza. Littafin da ke fassara lambobin yana kulle a ofishin Dakta, kuma ni wayar lantarki na karanta, ba rubuta manhaja ba. Na sake kunnawa, ta sake mutuwa a wuri ɗaya. Na maimaita har sau biyar. Sai na zauna a ƙasa na ce shi ke nan, buta ta ƙona wani abu a cikin aikin bawan Allah.

Abin da na iya a harkar manhaja bai wuce layi huɗu ba, shi ma a bayan wani littafi na gani. Su na rubuta. Na farko ya buga ɗigo a allo, na biyu ya ƙara ɗaya a kan wata lamba, na uku ya ɗan jira, na huɗu ya koma na farko. A sama na rubuta da manyan baƙaƙe cewa ana aiki, kada a kashe. Niyyata in rufa wa kaina asiri na wata uku, in Dakta ya dawo in durƙusa in faɗi gaskiya. Butar kuwa a ranar na kyautar da ita.

Dakta ya dawo. Ya shigo ya tsaya a gaban allo, hannu a baya, ya daɗe yana kallon ɗigo yana fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ni ina bayansa na buɗe baki sau uku, magana ta ƙi fita. Can ya ce, "Hmm. Madalla." Ya juya ya fita. Bai sake tambayata komai ba, ni ma ban sake tayar da zancen ba. Na ce gobe. Goben nan ce ta kai ni har furfura.

To, ku ji abin da ɗigon nan ya haifa. Da yake ɗakinmu kaɗai ke da wuta tsayayya, duk kwamfutar da aka ba jami'a kyauta nan ake kawo ta. Daga ɗaya muka koma shida, daga shida aka fasa bango aka haɗa da ɗakin kusa. Ɗalibai suka fara taɓa madannai da hannunsu, maimakon zana hotonsu a takarda kamar da. Da aka zo tantance mu, ɗakin nan aka gani aka ba mu izinin zama sashe mai cin gashin kansa.

Sai kuma maganar esi. Kun san bazarar Maiduguri, ba sai na faɗa muku ba. Farfesa ya kafa doka cewa ba mai shiga ɗakin sai mai aiki a kan kwamfuta, ya ba ni rajista in riƙa rubuta suna da dalili. Ai kuwa zafi na kamawa sai kowane malami a jami'a ya gano cewa bincikensa na buƙatar kwamfuta. Mai harsuna ya zo da kalmomin Kanuri, mai dabbobi ya zo da awon raƙuma, har wani malamin tarihi da ya yi mako uku yana gyangyaɗi a kusa da esi kafin kunya ta sa ya ƙirƙiro abin yi. Yau in kun buɗe littafin tarihin sashe za ku ga an yabe mu da cewa mu ne muka fara haɗa kai da sauran sassa wajen bincike. Gaskiya ne, an yi aiki, wasu ma masu kyau. Amma rajistata tana nan, ku duba ku gani ko akwai wanda ya zo neman haɗin kai da sanyi.

Cire takalmi a bakin ƙofar ɗakin ni na fara, don shara ta dame ni. Da tafiya ta yi tafiya sai aka ce ai girmamawa ce ga na'urar. Ɗalibai suka raɗa mata suna Kaka. Ranar jarrabawa sai su bi layi suna shafa gefenta. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne masinjoji da masu gadi da ke noma. Sun lura in zafi ya fi ƙarfin esi ɗigon yana tafiyar hawainiya, in iska ta fara sanyi gab da damina sai ya ƙara sauri. Shi ke nan, duk shekara sai su leƙo ta taga su ce, "Ba Modu, me Kaka ta ce?" Ba ɗin nan girmamawa ce ta mutanen Borno, kamar a ce Baba. Ni da na rubuta abin da hannuna, na san ƙarya ne, amma ba zan ɓoye muku ba, kafin in kai iri gonata ta Dusuman ni ma sai na saci kallon allon.

Kada ku zaci na'ura ɗaya ce ta yi duk shekarun nan. Sau uku tana kaiwa gab da mutuwa. Duk lokacin sai in jira yajin aiki ko dogon hutu, in je kasuwa wurin wani Inyamuri mai sayar da tsoffin kaya, in sauya kayan ciki, in ɗora lambar daga inda ta tsaya. Akwatin waje kawai ne na asali. Lokacin da gari ya rikice aka sa dokar hana fita, mutane na tunanin ransu, ni ina tunanin ɗigo. Lokacin da aka yanke garin nan gaba ɗaya daga babban layin wuta, ofisoshin manya suna duhu, amma an ware wa Kaka man janareta, ɗalibanmu kuma suka ci gaba da karatu a albarkacinta.

Wannan shi ne abin da Dakta Falmata ta ce za a tsayar. Ita ɗin ɗalibarmu ce, ni na fara nuna mata yadda ake riƙe linzamin kwamfuta, ta tafi waje ta yi karatu ta dawo ta zama shugabata. Kwamitinta ya rubuta tarihin sashe tsaf, babi na farko a kan lissafin Farfesa, babi na ƙarshe an bar shi fari ana jiran sakamako. A taron nan na Talata har da daraktan ayyuka, Injiniya Dauda, wanda ba a gayyace shi ba. Ya zo da kwafin tsohuwar takardar nan a cikin leda, ya ja jan layi a ƙarƙashin jimlar ƙarshe. An gina sabon ofishin manya, yana son layinmu ya kai can. Ke nan a rana ɗaya asirina zai tonu a gaban shugaban jami'a, ɗalibai kuma su koma zana madannai a takarda.

Bayan taro na bi Dakta ofis. Na ce, "Dakta, ai ba a tsayar da lissafi a tsakiya. In aka yi asarar aikin shekaru fa?"

Ta ce, "Ba Modu, wayar da ke aljihunka ta fi Kaka ƙarfi nesa ba kusa ba. Wane lissafi ne wannan da har yau bai ƙare ba? Kuma ba ni na ce ba, daga sama aka ce. Injiniya ya je ya zuga su."

Na ce ko za a ɗaga zuwa baɗi. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce baɗi ai ba na nan. Sannan ta miƙo min ambulan ta ce, "Ga takardar gayyatar Farfesa. Kai za ka kai masa gidansa a Wulari, hannu da hannu. Kada ka ba direba."

Kwana huɗu ambulan ɗin na aljihuna. Ranar Asabar bayan la'asar na tari keke napep na tafi. Farfesa ya daɗe da ritaya, idonsa ya yi rauni, ba ya gane mutum sai da murya. Na same shi a ƙofar gida a kan darduma ƙarƙashin darbejiya, da rediyo a gefe.

Na gaishe shi da Kanuri, "Wushe, Baba."

"A'a, Modu ne? Lale, lale. Yaya Kaka?"

Haka yake tambayata duk Sallah, kuma kullum nakan ce tana nan tana aiki. Ranar nan ban ce ba. Na karanta masa takardar, sannan na cire hula na ajiye a gwiwa na ce, "Baba, ina da magana, kuma in ka tsine min ban ga laifinka ba." Na kwashe komai na faɗa masa, tun daga buta har layi huɗu, har Inyamurin kasuwa.

Sai na ga kafaɗarsa na motsi. Na ɗauka kuka yake, na matso in ba shi haƙuri, ashe dariya ce. Ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, sai da na ba shi ruwa.

"Buta? Modu, buta ka ce?"

"Ita ce, Baba."

"Kai, Allah ya shirye ka. Ba ruwan buta. Ni na kashe abina." Ya share hawaye da hannun riga. "A ina na rubuta manhajar nan? A ƙasar da ruwa ke zuba kowane wata, har mutum ya gaji. Akwai wurin da na ce a raba wata lamba da yawan ruwan da aka yi a watan. To, a Borno ruwan Janairu nawa ne?"

Na ce babu ko ɗigo.

"Sifili ke nan. Kwamfuta kuwa in ka ce ta raba abu da sifili, ajiye aikin take. Bayanan da Janairu suka fara. Ko Fabrairu ba ta gani ba. Ina cikin jirgi, an kawo min abinci, abin ya faɗo min a rai. Cokali ya faɗi daga hannuna."

Na ce, "To Baba, da ka dawo?"

"Na dawo da takardar ajiye aiki a aljihu. Na sa shugaban jami'a ya ja layi, an yi ta yayata ni a majalisa, ga shi abin bai yi minti ɗaya ba. Na shigo in ga gawar aikina, sai na tarar da yara goma sha biyu ba takalmi, suna zaune cikin sanyi suna koyon buga rubutu a kan kwamfutocin kyauta da aka kawo ba na nan. Na duba allo na ga ɗigo. Ni tun da nake ban taɓa rubuta manhaja mai ɗigo ba. Na ce ko dai aljani ne ko yaron nan, kuma ko wane ne, ya fi ni hankali. Sai na ce madalla."

Wallahi maimakon in ji sanyi, haushi ne ya turnuƙe ni. Na ce, "Baba, ka san shekara nawa ban sha shayi a ofis ba? Ka san sau nawa na yi mafarkin butar nan? Me ya hana ka faɗa min?"

Ya ce, "Kai me ya hana ka faɗa min? Kullum na shigo sai ka sunkuyar da kai, na ɗauka raina ni kake a ɓoye, ka gano dakta guda bai san ba a ruwa a Janairu ba. Ni ma kunyarka nake ji."

Aka kawo shayi, ya ce in sha, na sha. Daga nan na tambaye shi yadda za a yi ranar biki, tun da Injiniya ya riga ya auna waya. Ya ce in je in goge babbar rigata, in zo in ɗauke shi da kaina, kada in bari su aiko mota. Na yi juyin duniya ya faɗa min abin da zai yi, sai kawai ya ƙara muryar rediyo.

Ranar biki aka yi taron a ɗakin kwamfuta. Takalma sun cika baranda, har da na shugaban jami'a, don ba wanda ya isa ya shiga wurin Kaka da takalmi. An ɗaura mata kirtani mai launi, an kunna turaren wuta a bakin ƙofa. Ta taga ina hango ma'aikatan Injiniya biyu a gindin falwaya, da tsani da filaya, suna jiran a ɗaga musu hannu. Shi kansa Injiniya yana layin gaba da ledarsa a cinya.

Aka yi jawabai. Dakta Falmata ta karanta tarihin sashe, aka ambaci haɗin kan bincike, malamin tarihin nan mai gyangyaɗi, wanda yanzu farfesa ne, ya gyaɗa kai da ƙarfi. Sannan na riƙo hannun Baba na kai shi gaban na'ura, na ɗora yatsansa a kan madannin da zai tsayar da komai.

Bai danna ba. Ya ce, "Falmata, 'yata, idona ba ya gani. Karanta min lambar da ke sama."

Ta karanta, doguwa ce, sai da ta numfasa a tsakiya.

"Maimaita ukun ƙarshe."

Ta maimaita, amma kafin ta rufe baki lambar ta ƙaru, ta sake gyarawa. Baba ya zaro carbi ya fara ja yana motsa leɓe. Can ya ce, "Modu, ɗigon sauri yake ko a hankali?"

Na ce, "A hankali, Baba."

"Haka ya kamata." Ya ƙara jan carbi kaɗan. Sai ya janye yatsansa daga madanni, ya ɗaga hannu biyu sama ya ce, "Alhamdulillahi. Mun kai rabi."

Sai shugaban jami'a ya fara tafi, ɗaki ya ɗauka, ɗalibai a baranda suka kama kabbara. Injiniya Dauda ya miƙe, leda ta zame ƙasa.

"Sir, rabi? Rabi fa ya ce! Tun ina bautar ƙasa ake wannan abu!"

Baba ya juya wajen muryar ya ce, "Wane ne wannan? Injiniya? To bisimilla, ga madanni nan. Zo ka danna da hannunka, a rubuta a babin ƙarshe cewa kai ne ka kashe shi a rabi."

Injiniya ya dubi madanni, ya dubi shugaban jami'a, ya koma ya zauna. Shugaba ya karɓi abin magana ya yi jawabi mai tsawo a kan haƙuri a harkar ilimi, ya ce matasan yanzu suna son sakamako cikin mako guda, su zo su ga yadda magabata ke bincike. A nan take ya umarci magatakarda a sabunta takardar layin. Masu tsani suka ci shinkafar biki suka saɓa tsaninsu suka tafi.

A ranar ƙarshe ta aikina na je miƙa makullai da rajista, kamar yadda doka ta ce. Na yi niyyar faɗa wa Dakta Falmata gaskiya, don wani zai gaji sauya kayan cikin nan. Na fara kame-kame, ta ɗaga hannu.

"Ba Modu, zauna. Makona na farko a kujerar nan na buɗe layukanka huɗu. Ka ɗauka me ya sa na ce kai za ka kai takarda Wulari? Ku biyu kuka ƙulla, na ce ku je ku kwance. Ban san rabi za ku kawo min ba." Ta yi dariya. "Kuma layinka na biyu akwai matsala. Wurin da ka tanadar wa lambar ya kusa cika, da ta cika sai ta juye ta koma baya a gaban kowa. Na gyara maka tun bara."

Sannan ta jawo aljihun tebur ta fito da tsohon faifan Farfesa da takarda guda. Ta ce ta samo shi a kabad lokacin da suke tattara tarihi, ta ƙara layi ɗaya mai cewa in ruwan wata sifili ne a tsallake. Ta kunna a kwamfutar tebur ɗinta, kafin shayinta ya huce ya gama.

Na karɓi takardar. Sakamakon da jami'a guda ta yi shekaru tana cire wa takalmi, layi biyu ne. Ya ce kada a yi shuka da ruwan farko, a jira na biyu mai ƙarfi wanda ya jiƙa ƙasa sosai. Na ce, "Dakta, ai wannan mahaifiyata ta faɗa min tun ina bin ta gona." Ta ce ita ma kakarta haka ta ce. Ta mayar da takardar ta kulle.

Ina ba ku labarin nan yanzu ne don sashe ya sami sola tasa, Injiniya ya yi ritaya, Baba kuma Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa. Kafin ya rasu na kai masa takardar na karanta masa, ya ce madalla, kuma a karon nan na san da gaske yake.

Kada wani ya fita daga nan ya ce Ba Modu ya halatta ƙarya. Ban halatta ba, na san abin da ta ci min. Abin da aikin nan ya koya min shi ne, a duk ɗakin nan na'ura ce kaɗai ta faɗi gaskiya, a minti na farko, da lamba ƙarara. Mu biyu ne, dakta da yaronsa, muka kasa duban juna mu tambaya, kowa yana tsoron a ce bai sani ba. Don haka in abu ya tsaya muku, ku karanta abin da allo ya ce, ku je ku tambayi na gaba da ku tun a ranar, kafin ku ɗora wa buta laifi.

Kaka kuwa tana nan, kun wuce ta da kuka shigo. Ba a buƙatar ta yanzu, amma an yi taro uku a kan kashe ta, an rasa mai danna madannin. Jiya ma da hadari ya taso ina Dusuman, iri na cikin buhu, sai da na kira mai gadin sashe na ce ya leƙa ta taga ya faɗa min ko ɗigon ya fara sauri.